Yadda sikirif ɗina ya bar wata Hajiya da jikarta a filin jirgin Jidda

Wannan abin a azumin 1445 ya faru, wato Maris na 2024, kuma tun lokacin nake son in zauna in rubuta shi dalla-dalla, don na san ba ni kaɗai ke irin wannan aikin ba, yaranmu da yawa a Makka da Madina da Jidda da suka ɗan iya kwamfuta su ake kira in an zo haɗa lis ɗin alhazai ko na ma'aikata ko na masu bashi a shago, kuma ramin da na faɗa yana nan a buɗe yana jiran kowa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara ashirin yana hidimar masu Umara. Ɗan ofis gare shi a wajen Misfala, aikinsa na tsakani ne, wakili a Kano shi ke tara mutane ya yi musu biza da tikiti, wani kamfani a nan Makka shi ke ba da bas da ɗakuna, Kawu kuma shi zai tarbi mutane a Jidda ya tabbatar kowa ya shiga motarsa ya samu makullin ɗakinsa. To duk wannan aikin a kan fayil biyu yake tsaye. Na Kano fayil ɗin Excel ne, sunaye da rubutun boko, lambar fasfo, ranar haihuwa, lambar waya, da jirgin da mutum zai biyo, mutum 386 a jirage uku. Na Makka kuma CSV ne, wato fayil ɗin tebur na rubutu zalla, da suke fitarwa daga na'urarsu, sunaye da Larabci, lambar fasfo, lambar ɗaki, lambar bas, layi 381. Shi na Makkan wani ma'aikacinsu ne ya zauna ya buga shi da hannu yana kallon hotunan fasfo da aka turo ta WhatsApp. Abin da Kawu ke so takarda ɗaya ce tak, sunan mutum da boko yadda yaronsa zai iya kira da ƙarfi a filin jirgi, gefe kuma bas ɗinsa da ɗakinsa.

Da can da biro da rula yake yi, kwana biyu cur. Daga baya wani ya koya masa VLOOKUP, umarnin Excel mai nemo abu a wani tebur, shi kuma VLOOKUP in ba ka sa masa FALSE a ƙarshe ba kintace yake yi ya ba ka abin da ya ga ya yi kusa, an taɓa kai namiji ɗakin mata a takarda ta wannan hanyar. Shi ya sa da na ce zan rubuta masa ɗan sikirif, wato ɗan gajeren shirin kwamfuta, da yaren Python ya yi murna sosai, ya ce "to ɗana ka hutar da ni, idanuna sun gaji."

Tun farko na san ba za a haɗa da suna ba. Na ɗaya rubutun ma ba ɗaya ba ne. Na biyu ko a boko kaɗai Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman duk mutum ɗaya na iya zama, kuma mutum goma na iya zama. Ga kuma abin da ke samun sunayenmu in sun shiga Larabci, Garba wani zai rubuta shi da ƙaf don 'yan nan haka suke furta ƙaf kamar g, wani da gain, wani da jim, sunaye masu ts da c da ɗ kuwa kowa da abin da kunnensa ya ba shi. Don haka lambar fasfo na ɗauka a matsayin mabuɗi, kuma har yau ina kan cewa wannan zaɓin daidai ne. Na karanto fayil ɗin biyu da pandas, kayan aikin Python na sarrafa tebur, na Makka ya ƙi buɗuwa da farko don ba da tsarin haruffa na UTF-8 aka ajiye shi ba, na gyara wannan, sai na rubuta layi ɗaya:

`hade = pd.merge(kano, makka, on="fasfo")`

Ya fito da layi 378. Na duba na ga 381 ne a na Makka, na ce uku ne kawai suka rage, Kawu ya ce ai duk shekara ana samun masu fasawa, wani rashin lafiya wani biza ba ta fito ba. Na jera takardar bisa lambar ɗaki, na buga ta shafi tara, aka ba yaron da zai je tarba.

Jirgin farko ya sauka bayan azahar. Yaron Kawu ya tsaya da takarda yana kiran suna, wanda ya ji nasa ya ja jakarsa ya nufi bas. Mutum shida ba a kira su ba. Huɗu maza ne masu jini a jika, suka tayar da hayaniya suka nuna fasfo da biza, yaron ya ga ba yadda zai yi ya tura su bas na ƙarshe yana cewa a daidaita a Makka. Sauran biyun wata dattijuwa ce da jikarta 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar, su an ce musu kowa ya zauna ya jira a kira sunansa, suka zauna. Bas suka tafi.

Sai bayan an sha ruwa wayar Kawu ta yi ƙara daga Kano. Ashe wata 'yar'uwarmu Bahaushiya mai aikin shara a filin jirgin ce ta gan su zaune wuri ɗaya tun la'asar, ta ba su dabino da ruwa, ta ara musu waya suka kira ɗan Hajiyar a gida, shi ya kira wakili, wakili ya kira mu. Na buɗe kwafin da na ajiye don in nemo lambar jikar in kira, sai na tarar da 2.34803E+12 a inda lamba take, saboda na taɓa buɗe shi a Excel na sake ajiye shi a CSV, Excel ya ɗauki lambar waya mai farawa da 234 a matsayin adadi ya taƙaita ta, kuma abin da yake nunawa shi yake ajiyewa, sauran lambobin sun tafi. Ni da Kawu muka shiga mota muka kama hanyar Jidda, bai ce min komai ba har muka isa, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Mun same ta a kan kujera ta ɗora ƙafafunta a kan jakar Ghana-must-go don sun kumbura, fasfo ɗinta a cikin leda ta riƙe shi da hannu biyu a ƙirji, jikar ta yi barci a kafaɗarta. Na durƙusa na ce Hajiya ku yi haƙuri, laifina ne, ni na haɗa takardar. Ta ce "ɗan nan ai ba komai, an ce mu jira a kira mu, ba a kira ba, na ce ƙila tukuna." Wannan maganar ita ta hana ni barci a daren.

Da muka dawo, mutane na ta fitowa daga tarawihi, ni na koma ofis na buɗe laftof. Abu na farko da na yi, wanda shi ya kamata in yi tun ranar farko, shi ne na canza yadda ake haɗawar. Shi merge na pandas in ba ka faɗa masa komai ba, waɗanda ya samu a ɓangarorin biyu kaɗai yake ba ka, duk wanda bai samu abokinsa ba sai ya zubar da shi shiru, ba gargaɗi ba komai. Na mayar da shi haka:

`hade = pd.merge(kano, makka, on="fasfo", how="outer", indicator=True)`

Da wannan ba ya zubar da kowa, yana ƙara wani kolum mai suna _merge da ke cewa wannan layin a duka biyun yake, ko a na hagu kaɗai, ko a na dama kaɗai. Na ƙirga, sai na ga 17 a na Kano kaɗai, 11 a na Makka kaɗai. To in 17 sun ɓata daga 386, ya aka yi na samu 378? Lissafin bai fita ba, 369 ya kamata in gani in ba wata matsala. Na daɗe ina kallon allon kafin na jera shi bisa suna maimakon ɗaki, nan take na ga mutum uku kowannensu ya fito sau huɗu da ɗakuna huɗu daban-daban. Su ukun gurbin lambar fasfo ɗinsu a na Kano fanko ne, sakatariyar ba ta cike ba, a na Makka kuma akwai layi huɗu da ma'aikacin ya bari fanko don hoton bai fita ba. Shi pandas fanko da fanko yana ɗaukarsu a matsayin sun dace, wanda ya saba da SQL, yaren rumbun bayanai, ba zai yi tsammanin haka ba don can ba a haɗa su, amma a nan uku sau huɗu ya ba da layi 12 na ƙarya. Wato na gaskiya 366 ne, 12 ɗin nan suka cike gurbi suka kai shi 378, adadin ya yi kyau a ido, ni kuma adadin kawai na kalla. Da yake bisa ɗaki na jera takardar, maimaicin ya warwatsu a shafi tara ba wanda ya lura.

Daga nan na ware masu fanko gefe tun kafin haɗawa, na kuma ƙara validate="one_to_one", wanda in lamba ɗaya ta maimaitu a kowane ɓangare sikirif ɗin tsayawa yake yi da kuskure ya ƙi ci gaba. Ni a ganina duk mai haɗa lis ɗin mutane bai kamata ya bar wannan ba, gara ya tsaya ya ɓata maka rai a ofis.

Sai na koma kan 11 ɗin nan na Makka ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne na fi daɗewa. Huɗu a jere suke, Hajiya da jikarta na ciki, lambobinsu daidai suke ba kuskure ko ɗaya, sai dai da lambobin Larabci aka buga su, ٠١٢٣ ɗin nan da muke gani a jikin riyal, da alama ma'aikacin ya manta bai juya kibod ba na ɗan lokaci. A idon mutumin da ya tashi a nan ٤ da 4 abu ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa haruffa ne daban kwata-kwata, na Larabcin daga U+0660 zuwa U+0669 suke a Unicode. Wato dai Hajiya tana da ɗaki, tana da kujera a bas, an biya komai, takardata ce kawai ta ce babu ita. Gyaran layi ɗaya ne, str.maketrans ka ba shi goman Larabci da goman boko ya musanya.

Uku kuma su suka fi ba ni wahala, don na ajiye lambar Kano da ta Makka gefe da gefe ina kallo harafi bayan harafi, iri ɗaya sak, amma sikirif ya ce ba ɗaya ba ne. Na sa strip ya share sarari na gaba da na baya, bai yi ba. Sai da na tambayi tsawon kowace, ta Kano 9, ta Makka 10. Na buga ta da repr, mai nuna har ɓoyayyun haruffa, sai ga \u200f a gaba. Wata alama ce marar gani da ke gaya wa kwamfuta rubutu daga dama yake tafiya, tana maƙalewa in an kwafo abu daga cikin saƙon Larabci an liƙa, kuma strip ba ya taɓa ta don ba a lissafa ta cikin sarari. Maganin da na ɗauka shi ne in daina neman abin da zan cire, in faɗi abin da zan bari kawai, A zuwa Z da 0 zuwa 9, duk wani abu daban a share, bayan an mayar da haruffa manya. Biyu kuma harafin O aka buga a madadin sifili. Fasfo ɗin Najeriya harafi ɗaya ne sai lamba takwas, don haka duk O da ya zo bayan gurbin farko sifili ne, amma wannan dokar ga waɗanda ƙasarsu NGA ce, wato Najeriya, kaɗai na sa ta, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram a cikin tawagar, nasu ban taɓa ba.

Tara suka dawo ta wannan wankin, 366 ya zama 375. Saura layi 6 a na Makka, mutum 11 a na Kano, in an haɗa da masu fankon da na ware.

Nan fa na so in sake yin gaggawa. Akwai difflib a cikin Python mai nemo sunan da ya fi kama da wani, na mayar da sunayen Larabcin boko sama-sama na ba shi, ya kawo min amsa ga duka shidan cikin daƙiƙa. Da na duba sai na ga ɗaya ba daidai ba, mata biyu ne a cikin 11 ɗin sunansu ɗaya sunan mahaifi ɗaya, duka biyun 1 ga Janairu aka rubuta musu a ranar haihuwa kamar yadda aka yi wa tsofaffi da yawa a lis ɗin, shekara ce kawai ta bambanta, shi kuwa ta farko da ya ci karo da ita ya ɗauka. Don haka na bar shi a matsayin mai ba da shawara kawai, ya nuna min ukun da suka fi kusa, hukunci kuma ni da Kawu muka yanke muna buɗe hoton fasfo ɗaya-ɗaya a waya. Shi Kawu ya ma fi ni sauri a nan, yana ganin hoto zai ce wannan ai matar wane ce daga Gwarzo, bara ma ta zo. Ɗaya daga cikin shidan lambobi biyu aka juya masa na tsakiya, ɗaya lambarsa daidai take gurbinsa na Kano ne fanko, huɗun kuma su ne masu hoton da bai fita ba. Kafin sahur muka gama, 381 cif.

Sai ga mutum biyar sun rage a na Kano, ba su da abokin haɗi ko ɗaya. Ba fasawa suka yi ba. Da gari ya waye Kawu ya kira wakili, ashe an ƙara su ne a lis bayan an riga an tura hotunan fasfo, ba wanda ya turo nasu, kamfanin Makka bai ma san da su ba. Ba ɗaki ba bas, kuma a jirgi na uku suke wanda zai sauka ana gab da shiga goman ƙarshe, lokacin da duk wanda ya san Makka ya san ko tabarma kusa da Harami sai da tsada ake samu. Da ba don abin da ya samu Hajiya ba, da haka za su sauka da harami a jikinsu ba inda za a kai su, kuma da na ci gaba da cewa su ne waɗanda suka fasa.

Abu ɗaya na ƙara daga baya wanda nake ganin ya fi duk sauran amfani, don shi tun kafin haɗawa yake kama kuskure. In ka buɗe shafin hoto na fasfo, a ƙasa akwai layi biyu masu alamar <<< da yawa, kowanne harafi 44, tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ne a kundinta mai lamba 9303. A layi na biyu tara na farko lambar fasfo ce, na goma kuma lambar tantancewa. Yadda ake samo ta, kowane harafi ana ba shi adadi, A goma har zuwa Z 35, sai a ninka gurabun da 7, 3, 1, 7, 3, 1 haka har ƙarshe, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimlar. Misali lambar da na ƙirƙira A01234567, goma sau bakwai 70, sai 0, 1, 14, 9, 4, 35, 18, 7, jimla 158, lambar tantancewa 8. In aka yi kuskure a lamba guda ɗaya dole lissafin ya saɓa. Ba komai yake kamawa ba, in lambobi biyu maƙwabta suka yi musaya kuma tazararsu biyar ce kamar 2 da 7 yana wucewa, amma mafi yawan ɓatan yatsa yana cafke su. Na roƙi wakili da kamfanin kowanne ya ƙara min wannan lamba ɗaya a fayil ɗinsa, na Kano sun yarda nan take, na Makka sai da Kawu ya je da kansa ya sha shayi da su bayan tarawihi.

Yanzu sikirif ɗin fayil uku yake fitarwa ba ɗaya ba, waɗanda suka dace, na Kano kaɗai, na Makka kaɗai, komai a matsayin rubutu nake karantowa da dtype=str don kada sifilin farko na lambar waya ya faɗi, kuma da utf-8-sig nake ajiyewa don Larabcin ya fito daidai in Kawu ya buɗe a Excel. A ƙasa yana lissafa cewa waɗanda suka dace da na Kano kaɗai in an tara su dole su ba da adadin fayil ɗin Kano daidai, in ya saɓa ko da ɗaya ne ba ya fitar da takardar kira. Takardar ma yanzu bisa lis ɗin Kano take, kowa na ciki, wanda ba shi da ɗaki sunansa a saman shafin farko yake fitowa da gurbi fanko a gabansa, yaron tarba shi zai fara kira ya tsayar da shi kusa da shi.

Su biyar ɗin Kawu ya kwana biyu yana zagaye kafin ya samo musu ɗakuna biyu a Aziziyya, nesa da Harami sai an hau mota, cikon kuɗin daga aljihunsa ya fita don wakili ya ce sai bayan Sallah za a yi lissafi. Ranar da jirginsu ya sauka ni na karɓi takardar na tsaya ina kira, na gama shafi na ƙarshe na sake zagaya kujerun wurin sau biyu ina tambayar duk wanda na gani zaune da jaka ko shi namu ne, Kawu kuma yana bakin ƙofar kowace bas yana ƙirga kawuna da yatsa kafin ya ce direba ya ja.